Kafin ka jibga laburare a firojet ɗinka: Moment, Day.js, date-fns ko Lodash

Da zarar lokacin firojet ya kama a ABU ko Nuhu Bamalli tambayar nan ta ɗalibai masu rubuta manhaja da JavaScript sai ta dawo, yaya wane laburare (wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta don a ara) zan sa na lissafin kwanan wata, wanne zan sa na gyaran rubutu. Kuma yawanci kafin ma ka amsa sun riga sun buɗe GitHub, shafin da ake ajiye kod, sun sauke wanda ya fi yawan taurari. Ni dai wannan awon bai gamsar da ni ba, taurari suna nuna cewa mutane sun taɓa son abu ne kawai, ba sa gaya maka ko zai yi aiki da sunayen mutanenmu da yadda muke rubuta rana.

Mu fara da kwanan wata tunda nan aka fi shan wahala. Moment.js shi ne tsohon hannu, kusan duk tsohon darasin da za ka gani da shi aka yi, amma tun Satumba 2020 masu kula da shi da kansu suka ce sun daina ƙara masa sabon abu, har suka nuna wa mutane wasu su koma. Ga nauyi, ga kuma wani hali da yake da shi mai cutarwa: in ka ɗauki ranar da ɗalibi ya yi rajista ka ce a ƙara kwana 30 don ka samu ranar ƙarshen biyan kuɗin makaranta, ita ranar rajistar ce da kanta za ta canza, sai rasit ya fito da rana ɗaya a wuri biyu kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito ya faɗakar da kai. In tsohon aiki ka gada wanda aka gina da shi to ka lallaɓa shi haka, amma sabon aiki kam don Allah kar ka fara da shi.

Day.js shi ne wanda na fi ba yara shawara. Girmansa wajen 2KB ne, yadda ake rubuta shi kusan ɗaya da Moment, kuma ba ya taɓa ranar asali, sabuwa yake dawo maka da ita. Ga wanda zai buɗe shafinka da ƙaramar waya a Tudun Wada da data ta naira ɗari biyu wannan ƙanƙantar ba ƙaramin abu ba ce. Sai dai ka sani an rage masa nauyi ne ta hanyar fitar da abubuwa da yawa waje, sai ka jona su da hannunka. Misali mu nan 03/04/2025 uku ga Afrilu muke nufi, amma burauza irin karatun Amurka take yi masa, huɗu ga Maris. In ba ka jona customParseFormat ba, wato ƙarin da ke karanta tsarin rubuta rana, ko ka gaya wa Day.js cewa rana ce a farko ba zai saurare ka ba. Wannan yana rubuce a bayanansu, matsalar dai ba a karantawa.

date-fns kuma salonsa daban, ƙananan fankshin ne birjik kowanne da aikinsa ɗaya, ka ɗauko wanda kake so ka bar sauran, kuma bayanansu na burge ni don kusan kowane fankshin akwai misalin abin da za ka ba shi da abin da zai dawo maka. Luxon shi ƙarfinsa a bambancin agogon ƙasashe yake. Mu Najeriya agogo ɗaya gare mu kuma ba ma matsar da shi rani da damina, saboda haka sai in kana yi wa masu jigilar Umara aiki, inda Saudiyya ke gabanmu da awa biyu, sannan zan ce ka nufe shi. Af, in makarantar Islamiyya ce ta ba ka aikin kuma suna son kwanan Hijira, kowane laburare ka ɗauka lissafi zai yi maka, mu kuwa ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi muke bi, don haka ka bar musu wurin da za su ƙara ko rage kwana ɗaya da kansu.

Sai Lodash, tarin ƙananan kayan aiki na gyaran rubutu da bayanai, wanda John-David Dalton ya fara a 2012 daga wani laburare mai suna Underscore. Kaya ne mai kyau wallahi, an gwada shi sosai, debounce ɗinsa, mai jira sai mutum ya dakata da rubutu kafin a yi aiki, har gobe ina amfani da shi a akwatin bincike. Amma abubuwa da dama da ake sauke shi dominsu yanzu JavaScript na yinsu da kansa, structuredClone na kwafe abu gaba ɗaya, flat, padStart da sauransu. Ku tuna Maris 2016 da mai left-pad ya cire ɗan kod ɗinsa mai layi 11 daga npm, rumbun da ake sauke laburaren JavaScript, manyan ayyuka irin su Babel suka kasa sauka a faɗin duniya, a kan aikin cike gurbi a gefen rubutu kawai. Abin da za ka iya rubutawa a layi biyar ka gwada shi da kanka, ban ga dalilin aro ba.

Inda nake so ku tsaya da kyau shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Lodash na da deburr mai cire ado daga haruffa, é ya koma e, to ka ba shi Ɗanladi ko Ƙaura ka gani, haka zai dawo maka da su bai taɓa ba, domin bayaninsa ya faɗa ƙarara rukunin haruffa biyu kawai yake dubawa kuma ƙ, ɗ, ɓ, ƴ ba sa ciki. Dabarar normalize da ake yawan koyarwa ita ma ba ta raba ƙugiyar da harafin. Sakamakon shi ne malamin ofis ya rubuta Danladi a wurin bincike, yaron kuma an shigar da shi da Ɗ, sai a ce wa uba ɗansa ba ya cikin rajista. In kuma ka jera sunaye da sort tsurarsa duk masu ƙugiya a farko sai su koma can ƙasa bayan Zainab da Zubairu. Maganin ɗan tebur ne na haruffa takwas, manya da ƙanana, ka rubuta da hannunka.

Shi ya sa nake cewa kafin ka sauke komai ka buɗe foldar gwajinsu tukuna, kamar yadda ba ka sayen buhun masara a kasuwar Sabon Gari sai an soka an fito maka da ta tsakiya. Duba ko sun gwada rubutu fanko, da 29 ga Fabrairu, da harafin da ba na Turanci ba. Duba ko misalin da ke cikin bayanin yana tashi in ka kwafa ka liƙa, da ko suna rubuta abin da ya canza a kowace sabuwar fitowa. Lasisi ma ka leƙa, waɗannan da na lissafa duk lasisin MIT mai sassauci gare su ba damuwa, amma in ka haɗu da lasisin GPL kuma manhajar sayar da ita za ka yi, to akwai sharaɗin ba da kod ɗinka ga wanda ka ba manhajar, ka karanta kafin ka yi wa mai shago alkawari.

Ka kuma duba mutum nawa ke riƙe da aikin. Abin da ya faru da xz, wata manhajar matse fayil, a Maris 2024, da Andres Freund ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a ciki, ya samo asali ne daga mutum ɗaya da aiki ya yi wa yawa har ya miƙa amana ga wanda ya daɗe yana nuna shi mai taimako ne. In ka zaɓa ka gama, fayil ɗin package-lock.json, mai riƙe takamaiman fitowar kowane laburare da ka sauke, ka tura shi tare da sauran kod ɗin, kar ka goge shi don ka ga ya yi tsawo, shi ne zai sa abin da ya yi aiki a laftof ɗinka ya sauka iri ɗaya a kwamfutar sufabaiza ranar difens.