Hattara da masu sayar da tsohon famfon mai da sunan sabo

Masu gyaran tsofaffin motoci, a kula. Akwai masu talla a intanet da ke cewa suna da famfon baƙin mai "sabo fil, tsohon ajiya", na injuna irin su Chevrolet V8, Rover V8 da Volkswagen Beetle. Wasu daga ciki famfo ne da ya gama aiki, aka wanke shi, aka shafa masa fenti, aka jefa a kwali mai tambari.

Dabarar tasu a bawul ɗin rage matsi take, a famfunan da ke zuwa da shi irin na Chevrolet da Rover (na Beetle a jikin injin yake, ba a famfon ba). Sifirin ne ke riƙe da bawul ɗin, sai su cusa washa biyu ko uku a bayansa don ya ƙara tauri. Daga nan su ɗauki bidiyo da mai mai kauri, inji da sanyinsa, allurar geji ta haura sama, mai saye ya ga kamar ya yi tsintuwa. Amma bawul ba ya ƙara wa famfo ƙarfi, iyakar matsi kawai yake tsayarwa. Da inji ya ɗauki zafi, mai ya tsinke, sai ya riƙa sulalewa ta gefen haƙoran da suka cinye, a sulo allura ta faɗo ƙasa, jar fitila ta fara ƙiftawa. Lokacin mai tallan ya rufe shafinsa.

Don haka kada famfo ya shiga inji sai an buɗe shi. A kwance murfin, a wanke giris ɗin da suka danƙara a ciki, domin shi ke ɓoye lilon haƙora. A duba fuskar murfin: zanen da'ira da farce ke kamawa alama ce ta famfon da ya daɗe yana juyi, kuma sabo ba ya zuwa da sawun samfefa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin gidan famfon, a zura ma'aunin tazara tsakaninsa da saman haƙoran. A yawancin irin waɗannan famfuna tazarar tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, amma littafin injin shi ne alƙali. In famfon mai bawul ne, a zare shi ma, ya kamata ya zame cikin raminsa ba tare da cijewa ba. In an ga washa a bayan sifirin, magana ta ƙare.

Wata ƙaryar kuma ita ce "wannan famfon yana maganin ƙarancin matsi". Famfo turo mai yake yi, matsin kuwa daga matsatsin beyarin kiranshaf da kamshaf yake fitowa. In beyarin ya ci, babban famfo rufa-rufa ce kawai. Kafin a zargi famfo, a cire sensar matsin mai a ɗaura geji na hannu, a auna da zafin inji. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce kusan psi 10 (psi ma'aunin matsi ne a geji) ga kowane juyi 1,000 a minti.

Mai Beetle ya ƙara lura: kamshaf ɗinta iri biyu ne, mai shimfiɗaɗɗiyar giya da mai kwarmi, kuma kowanne da famfonsa. Masu cewa "ɗaya ya shiga duka" ba su damu ba ko harshen famfon ya kama ramin sosai ko gefe kawai ya taɓa.

Ko famfon ya ci jarrabawa, kuskure wajen ɗaurin ma yana kashe inji. A injunan V8, tsakanin rariyar tsotso da ƙasan kwanon mai a bar kamar milimita 6 zuwa 10. A gwada da ɗan curin laka a kan rariyar, a kifa kwanon, a auna kaurin da ya rage. Ta matse da yawa, mai ya ƙi shiga; ta yi nisa, ta shaƙi iska a kwana. A Chevrolet bututun tsotson dannawa kawai ake yi, shi ya sa ake ɗiga masa walda, bayan an cire sifirin kada zafi ya kashe shi. A Rover V8 na da, ana cika gidan haƙoran da Vaseline, in ba haka ba famfon ba zai ja mai ba. Giris bai dace a nan ba, ba ya narkewa cikin mai.

Kafin tayarwa a cire fulogi, a juya inji da kik har allura ta motsa. In an tayar kuma daƙiƙa goma suka wuce ba matsi, a kashe nan take.

Wanda ya ƙi turo hoton famfo a buɗe, ko ya ce kwance murfi na soke garanti, kada a tura masa ko sisi.