Dak, filat ko bayas: wanne za a iya bari, wanne ba za a iya ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗauki hoton taurarin Kaza da 'Ya'yanta da kyamarar Canon irin DSLR, ka haɗa hotunan a manhajar DeepSkyStacker, sai ka tarar kusurwoyin hoton sun yi duhu, ga wasu da'irori dishi-dishi a tsakiya, ga ɗige-ɗigen ja da shuɗi. Ka tambaya ko dole ne sai ka ɗauki dak da filat da bayas duka ukun, wato ƙarin hotunan da ake ɗauka don gyara hoton sama, tunda dare ba ya isa kuma batir yana ƙarewa. Amsata a taƙaice: da irin kyamararka, filat ne ba a bari. Bayas ba ya cin lokaci, kuma filat ba ya aiki daidai sai da shi. Dak kuwa ana iya tattaunawa a kansa. Amma bari mu jera su, don matsalolin da ka lissafa ba tushensu ɗaya ba.

Bayas shi ne mafi sauƙi. Ka rufe lens da murfinsa, ka sa kyamara a gudu mafi sauri da take da shi, 1/4000 ko 1/8000 na daƙiƙa, a ISO ɗin (ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara) da ka yi aiki da shi, ka danna. Babu haske, babu lokacin da zafi zai taru, amma duk da haka hoton ba ya fitowa da sifili. Masu ƙera kyamara suna ɗora wata lamba a kan kowane fiksel (ƙaramin ɗigon da ke haɗa hoto) da gangan don kada karatun ya faɗa ƙasa da sifili, kuma a Canon da dama lambar 2048 ce a ma'aunin da ke ƙarewa a 16383. Kamar nauyin kwano ne a kan sikeli: sai ka san shi kafin ka san nauyin hatsin da ke ciki. Hamsin daga cikinsu ba sa cin minti biyar, kuma za su yi maka watanni.

Dak ma da murfi a rufe ake ɗaukarsa, sai dai shi dole ya yi daidai da hoton samanka a abu uku: tsawon lokaci, ISO, da zafin sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara. In ka buɗe wa taurari daƙiƙa 120, dak ma 120. Abin da yake kamawa shi ne cajin da zafi ke haifarwa a cikin sensa ko babu haske, da fiksel masu zafi, waɗannan ɗige-ɗigen ja da shuɗin da ka gani, da kuma wani haske da kan fito a gefen wasu sensa daga kayan lantarkin da ke jikinsu. Ka lura cewa kowane dak yana ɗauke da bayas a cikinsa, saboda haka wanda ya cire dak daga hotonsa ya riga ya cire bayas, ba a cirewa sau biyu.

Sharaɗi na uku, zafi, shi ne inda DSLR ke shan wahala. Wannan cajin yana ninkawa duk sa'ad da zafin sensa ya ƙaru da kusan digiri 6. Ka yi lissafi da yanayinmu: daren hunturu a Kano yana iya sauka zuwa digiri 14, daren bazara a Sakkwato kuwa yana iya tsayawa a 32 har tsakar dare. Bambancin digiri 18 ninkawa sau uku ke nan a jere, wato kusan sau takwas. Dak ɗin Afrilu in ka cire shi daga hoton Janairu, zai kwashe fiye da abin da ke wurin, ya bar maka baƙaƙen ramuka inda ɗigon ja yake a da. Ko a dare guda, sensar da ta yi awa biyu tana aiki ta fi ta farkon dare zafi. Masu kyamarar da ke sanyaya kanta, irin su ZWO ASI2600, ba su da wannan damuwa: su tsayar da sensa a digiri 10 ƙasa da sifili, ko a sifili in daren ya yi zafi, su ɗauki dak sau ɗaya da rana a ɗaki, su yi ta amfani da shi. Kai ba ka da wannan gata, dak ɗinka sai a wurin, a daren, kuma kowane ɗaya yana cin lokacin da hoton sama yake ci.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: dak ba ya rage yashi-yashin nan da ke canzawa daga hoto zuwa hoto, ƙara shi ma yake yi, don shi ma yana da nasa. Shi ya sa ake ɗaukar da yawa a haɗa su. Guda 16 suna rage yashinsa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, guda 25 zuwa ɗaya cikin biyar. Dak uku ko huɗu da zafinsu bai dace ba, gara babu.

Yanzu filat, wanda a kansa nake son ka fi tsayawa. Su waɗancan biyun labarin sensa suke bayarwa, kuma cire su ake yi. Filat labarin hanyar da haske ke bi yake bayarwa, kuma raba hoton ake yi da shi. Duhun kusurwa yana zuwa ne saboda lens ba ya kai haske gefe kamar yadda yake kaiwa tsakiya. Da'irorin kuwa inuwar ƙura ce da ta zauna a gilashin da ke gaban sensa ko a kan filta. Ƙurar da ke gaban lens can waje ba ta cika fitowa a hoto ba. Mu da muke samun sararin sama babu gajimare a daidai watannin da iska ke ɗauke da ƙura, ba yadda za a yi mu canza lens a fili ƙura ba ta shiga ba. Kuma a hoton sama dole ne ka ja hasken sosai kafin shuɗin gajimaren da ke kewaye da Kaza ya bayyana, jan da kake yi kuwa yana fito da kowace inuwa tare da shi. Babu yawan hotuna da ke goge wannan, don a wuri ɗaya take a dukkansu.

Ɗaukarsa ba wuya, sharuɗɗan ne ke da tsauri. Ka ɗaura farar riga marar zane a bakin lens da roba, ba tare da ta yamutse ba, ka fuskanci sama bayan Asuba kafin rana ta fito, ko ka ɗora farin allon kwamfutar hannu a kai. Ka daidaita lokaci har tudun histogiram, zanen da ke nuna yawan hasken hoto, ya tsaya tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabi. Kada ka taɓa fokas, kada ka canza buɗin lens, kada ka kwance kyamara ko ka juya ta. Ka kuma kashe tsarin da ke girgiza sensa don share ƙura duk lokacin da aka kunna ko aka kashe kyamara, domin ƙurar da ta matsa ta lalata filat ɗin. Zafi bai dame shi ba. Guda 20 zuwa 30 sun wadatar, amma sabo ake yi duk fita.

Dalilin da ya sa na ɗaure bayas da filat lissafi ne. A ce tsakiyar filat ta samu haske 6000, kusurwa 3000, wato rabi. In ba a cire 2048 ba, manhaja za ta ga 8048 da 5048, ta ɗauka kusurwa na samun kusan kashi 63 cikin ɗari, sai gyaran ya gaza, sauran duhu ya tsaya. In kuma hoton saman ne ba a cire masa ba, gyaran ya wuce gona da iri, kusurwa ta yi fari. Saboda haka ranar da ka bar dak, ka tabbata an cire bayas daga hotunan saman ma. Manhajar Siril, wadda ita ma ke haɗa hotuna, har tana ba ka damar rubuta lambar kawai a madadin hotunan bayas. 

To ɗige-ɗigen fa, in ba dak? Ka riƙa gusar da kyamara ɗan kaɗan tsakanin hoto da hoto, fiksel goma ko fiye, ta fuskoki daban-daban. Manhaja tana jera hotuna bisa taurari, sai fiksel mai zafi ya faɗa wuri daban a kowanne, tsarin kappa-sigma, mai watsar da duk karatun da ya yi nesa da na sauran hotuna, ya watsar da shi. Wannan yana aiki sosai in hotunan sun kai ashirin ko fiye. A daren sanyi da buɗi na daƙiƙa 30 ko 60, ni wannan nake ba da shawara, ka ba taurari lokacin da dak zai ci. A daren bazara da buɗi mai tsawo, ko in ka ga haske a gefen hoto, ka ɗauki dak 20 kana tattara kaya, ka toshe tagar leƙawa ta baya don haske na shiga ta nan. Dak da filat da bayas duk a RAW za ka ɗauke su, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. In bayan wannan ka ga gefe ɗaya na sama ya fi ɗaya haske, fitilun gari ne ko hazo, filat ba ya taɓa shi, sai kayan cire shimfiɗar baya da ke cikin Siril.