Fokker mai fiffike uku da Sopwith Camel: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin jan jirgin nan na Jamus mai fiffike uku da Camel na Ingila wanne ya fi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma me ya sa ko'ina sai kwafin na Jamus ake gani. A ganina Camel ne ya yi aikin, Fokker ya kwashe suna.

Dukansu sun shiga yaƙi a 1917, kowanne da bindiga biyu masu harbi ta tsakanin farfela. Camel an ƙera kusan 5,490, Fokker Dr.I kuwa 320 kacal. Sunan Camel, wato raƙumi, daga tozon da ke rufe bindigoginsa ya samo shi.

Injinansu abin mamaki ne. Ba farfela kaɗai ke juyawa ba, injin ɗungurungum yake juyawa tare da ita, yana fesa wa matuƙi man zurma a fuska. A Camel, inji da bindigogi da mai da matuƙi duk an cunkusa su gaba, shi ya sa yake karya kwana dama kamar walƙiya, hagu kuwa da ƙyar. Gwani ya ji daɗinsa, ɗan koyo kuwa sau da yawa ƙasa yake sha tun wajen tashi.

Fokker ya fi saurin hawa sama da juyi a ƙurarren wuri, amma ba shi da gudu. Ga matsalar fiffike: a ƙarshen Oktoban 1917 na sama ya ɓalle wa matuƙin Jamus Heinrich Gontermann a iska, ya mutu, aka dakatar da jiragen har aka gyara. Sunan Fokker duk albarkacin matuƙin Jamus mai jan jirgi, Manfred von Richthofen ne, wanda ya kakkaɓo jirage 80, kodayake yawancinsu ba da wannan jirgi ba. A cikinsa dai aka kashe shi ranar 21 ga Afrilu 1918, Camel na bin sa a baya, amma masana da dama sun fi karkata ga harsashin sojan Ostireliya daga ƙasa.

Batun kwafi kuwa, babu Dr.I na asali ko ɗaya da ya rage, saboda haka duk wanda ka gani sabon ƙira ne. Camel na asali akwai kaɗan, har da wanda ke gidan tarihin yaƙi na Landan. Kuma Fokker ya fi daɗin ƙerawa: gangar jikinsa bututun ƙarfe ne da walda, fikafikansa ba sa buƙatar tarin wayoyin ɗauri irin na Camel. Sai dai ka lura da hancin kwafin. Yawancin masu tashi yau injin zamani aka sa musu, in an tayar farfela kaɗai za ka ga tana juyawa.