Na gwada tes ɗin yawu na kansar baki da maƙogwaro, tauraro 3 cikin 5

Sai da na yi ta kai-kawo tsakanin biyu da uku kafin na tsaya a uku. Ba zan kama sunan kamfanin ba don ba faɗa na zo yi ba, kuma irinsu sun fara yawa, duk tsarin kusan ɗaya ne: ka yi oda ta intanet, su aiko maka ɗan kwali, ka tofa yawu a kwalba ka mayar musu, su kuma su duba ko akwai alamar kansa a bakinka ko maƙogwaronka.

Abin da ya kai ni shi ne, shekara 17 na yi ina shan sigari, na daina yau shekara 4 kenan alhamdulillah, to wata rana ina goge baki sai na hango wani ɗan farin tabo a gefen harshena na hagu can baya-baya, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ba zafi ba jini, kawai dai yana nan. Na dirje shi da burushi bai fita ba. Sati biyu, sati uku, yana nan daram. Kun san halin mutum da waya cikin dare, na shiga bincike na ga abin da ya hana ni barci, wai kansar kai da wuya, wato ta baki da harshe da maƙogwaro da wajen murya, tana kama mutum sama da dubu 800 duk shekara a duniya, kuma taba da giya ne manyan masu jawo ta sai ƙwayar cutar HPV, wata virus da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ni kuma ba abin da nake tsoro irin a ce za a yanki naman harshena a kai gwaji, wallahi ko tunanin abin sai tsigar jikina ta tashi. Shi ya sa da tallan nan ya faɗo min na ga ba allura ba wuƙa, yawu kawai, ban tsaya dogon tunani ba.

Kwalin kam ba laifi, nan sun yi ƙoƙari. Kwalbar roba ce 'yar siririya da ɗan mazurari a samanta, murfinta ɗauke da wani ruwa da yake hana yawun lalacewa a hanya, sai leda mai zif da takardar bayani mai hotuna, da lambar da za ka yi rajista da ita a shafinsu. Dokar ita ce minti 30 kafin ka fara kar ka ci komai, kar ka sha, kar ka goge baki, kar ka kurkure. Ni da safe na yi ina tashi. Ana so ka cika har wani layi, mililita 2, kuma kumfa ba ta cikin lissafi, sai zallar ruwan. Na ɗauka abin minti ɗaya ne. Ina! Ɗan Adam yana fitar da yawu wajen lita ɗaya a rana amma ranar da aka ce kawo cokali ɗaya sai bakin ya bushe ƙamas, na zauna a bakin gado ina murza kumatu ina tofawa kaɗan-kaɗan kusan minti goma, uwargida ta leƙo ta ce “Baban yara lafiya kuwa?” na ɗaga mata hannu don ba halin magana. Da ya kai layi na rufe murfin, ya yi ƙas, ruwan ya zubo ciki, na girgiza na sa a leda. Shikenan.

Jiran sakamakon ne ya fara ɓata min rai. Sun ce sati biyu zuwa uku, sai da aka doshi sati biyar. Na tura musu imel sau biyu, amsa iri ɗaya sak ta dawo, har waƙafin bai canza ba, ka san inji ne ba mutum ba. Wanda ke jiran ya ji ko yana da kansa kwana ɗaya ma shekara ce a wurinsa, wannan ya kamata su sani.

A cikin jiran nan ne na karanta kan yadda abin yake aiki, kuma gaskiya ba damfara ba ce, akwai ilimi a ciki. Yawu kashi 99 cikin 100 ruwa ne, amma ɗan ragowar nan cike yake da labari, domin duk abin da ya tsiro a baki yawu na wanke shi dare da rana, ƙwayoyin kansar suna karkaɗewa su zubar da gutsattsarin DNA da RNA, wato sinadaran da ke ɗauke da bayanan halitta, da furotin a ciki. Wasu gwaje-gwajen furotin suke nema irin su IL-8 da IL-6 da CD44, wasu kuma DNA na HPV16, wani nau'in HPV wanda shi ne ke bayan yawancin kansar maƙogwaro mai nasaba da HPV, wasu har ƙwayoyin bakteriyan baki suke karantawa. Tun 2004 David Wong da mutanensa a jami'ar UCLA ta Amurka suka nuna cewa RNA na cikin yawun masu kansar baki ya bambanta da na masu lafiya. A 2015 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gwada masu kansar kai da wuya su 93, duk masu kansar cikin baki an samu DNA na kansar a yawunsu, amma waɗanda tasu ke can ƙasa a maƙogwaro sai aka samu kashi 47 zuwa 70 kawai, a nan jini ya fi yawu kamawa. Wanda ya fi burge ni na Birisben ne a Ostareliya, a 2020 suka ba da rahoton wani mutum da ba ya jin ciwon komai, amma HPV16 na ta ƙaruwa a yawunsa duk lokacin da aka auna, da aka cire masa tonsil, tsokar nan ta gefen maƙogwaro, sai ga kansa mai girman milimita 2. Milimita 2 fa, da wuya ido ya gano ta.

To amma ku lura, su na Johns Hopkins an riga an san suna da cutar kafin a auna yawun. Nemo ta a cikin dubban masu yawo lafiya lau wani aiki ne daban.

Sakamakona ya zo, kore shar, an rubuta ba a gano alama ba. Na yi hamdala na ajiye waya, a raina magana ta ƙare. Can ƙasa da ƙananan haruffa irin waɗanda sai ka zuƙo allo aka ce wannan ba ya maye gurbin ganin likita. Kuma nan ne babban ƙorafina yake, don a fom ɗin rajista sun tambaya ko akwai wani tabo ko gyambo a bakina da ya wuce sati biyu, na danna eh da hannuna, amma ba wanda ya kira ni, ba saƙon da ya ce kai malam kar ka jira mu tafi a duba ka. To me ye amfanin tambayar? Mutum mai tabo a harshe ka ba shi koren allo ai ka ce masa je ka yi barcinka ne.

Uwargida ce ta ƙi yarda. Ta ce ita ba ta san kore ba, abin da ta sani tabon yana nan, ta matsa sai da na je wurin likitan haƙori. Na miƙa masa wayar da ɗan alfahari, ya karanta ya miƙo min, ya sa safar hannu ya ce in buɗe baki. Ya kama harshena da ɗan ƙyallen bandeji ya jawo shi gefe, ya haska, ya sa yatsa ya latsa tabon da ƙarƙashin harshe, sannan ya zagaya bayana yana lalubar wuyana ko akwai kaluluwa. Duka bai fi minti biyar ba. Na ce “Likita, ai tes ɗin ya ce ba komai.” Ya ce “Malam, tes ɗin bai ga harshenka ba, ni na gani.” Ya nuna min wani turmin haƙori da ya ɓalle yana da kaifi daidai wurin, ya goge kaifin ya ce in dawo bayan sati biyu, idan tabon bai tafi ba sai an yanka, kore ko ba kore ba.

Shi ne ma ya ƙara min da cewa abin yana iya kuskure ta ɗaya gefen, mai ciwon dasashi furotin ɗin kumburi irin su IL-6 da IL-8 suna hawa a yawunsa, sai a tayar masa da hankali a banza. Kuma ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka a jagorar da ta fitar a 2017 ba ta ba da shawarar dogaro da gwajin yawu wajen tantance tabon baki ba, yankan naman dai shi ne mai yanke hukunci.

Na koma, tabon ya ragu amma bai ɓace ba. Aka yi abin da na kashe kuɗi da sati biyar ina gudu. Allurar kashe zafi ce kawai ta ɗan cije ni, aka ɗebi nama kamar ƙwayar ashana, ɗinki biyu, kwana uku ina magana kamar mai tsamin baki. Sakamako ya fito ba kansa ba ce, fatar wurin ce ta yi kauri saboda gogar haƙori. Wato dai tes ɗin yawun bai yi ƙarya ba a kaina, na ba su wannan. Amma da akasin haka ne fa? A alƙaluman Amurka wanda aka kama tasa tun tana wuri ɗaya sama da kashi 80 suna kai shekara biyar, idan ta yi nisa a jiki kuwa ba su kai rabi ba, ni kuma na zauna da tabo sama da wata biyu.

Wa zan ce ya saya? Wanda ba ya ganin komai ba ya jin komai amma ya daɗe da taba ko giya, yana da halin saya don ba araha gare shi ba, kuma dama yana zuwa a duba masa baki, to wannan ya ƙara da shi ba laifi. Amma in kana da gyambon da ya ƙi warkewa, ko fari ko jan tabo, ko murya ta dishe makonni, ko haɗiya na maka wuya, ko ƙullutu a wuya, dan Allah kar ka yi irin tawa.

Jiya ma sun turo min imel wai lokacin sake gwaji ya kusa, har da ragi. Wannan kam bai makara ba, ranar da suka ce ranar ya iso.