Ajans ɗin da ya kai ni Fas: takardu sun iya, amma ba su tambaye ni ko ni wane ne ba

Tunda ƙanne sun dame ni a WhatsApp da tambayar wane ajans na bi na tahi birnin Fas na Maroko karatu, bari in faɗa sau ɗaya in huta. Ba zan kama suna ba, wani ƙaramin buro ne a Yamai, saman wani mai fotokopi. Daga Tawa na zo musu da bak ɗina na franko-arab, sai da Baba ya saida bijimi kahin a biya su jika 150, kuɗin dosiye kawai fa, banda na lakwal.

Wajen takardu kam sun iya aikinsu. Sun nuna min inda za a buga ma diplom hatimi, inskripsiyon ta hito cikin sati uku, su suka yanka min biyen jirgi zuwa Kazablanka, kuma sun ja min kunne kar in bari kwana 90 su cika ban kai dosiyen kart de sejur, wato takardar izinin zama, ba. Wannan na gode musu har gobe.

Inda muka ɓata shi ne maganar da madam ɗin buron ta yi min: "Ɗana, kai da ka yi larabci ai Maroko gida ne." Gida ina! Ranar farko na tare taksi na zuba ma direba larabcin littafi, mutumin ya yi dariya har da buga sitiyari, ya ce wai ko huɗubar Juma'a zan yi. Su Darija suke yi, wato larabcin gargajiya na Maroko, gashi a aji kuma faransanci ne zalla, ni ko nawa faransancin rarrafe yake. Sannan ka ce daga Nijar kake, sai a ce maka ah Najeriya, Legas? Har na gaji da gyarawa.

Wanda ya hi min ciwo neman ɗaki. A waya mai gida lafiya lau, marhaba marhaba, ina zuwa ya ga fuskata sai ɗaki ya zan an riga an kama. Sau biyu haka. Abokina da muka zo jirgi ɗaya, ajans ɗaya, Balaraben Tasara ne ta jihar Tawa, fari, larabcin gidansu ma ya ɗan yi kusa da na ƴan Maroko, kwana biyu ya samu ɗaki a layin nan dai. Wata ƙanwarmu kuma babanta ya gindaya sharaɗin sai gidan kwanan ƴan mata, ajans suka ce angama, ta zo ta tarar babu, wata guda tana raɓe wajen wasu ƴan Mali tana ɓoye ma gida. Mu ukun nan takarda guda aka miƙa mana mai shafi biyu, kamar duk abu ɗaya zamu tarar.

Amma fa abin da ya hana ni ɗaki shi da abin da ya buɗe min ƙofa duk a jikina suke. Masallatan can bayan magariba ana karanta hizbi a tare, kuma Warshu suke ja, irin dai wanda muka wanke allo da shi a gaban malam. Ina zaune cikin sanyin Janairu, safa biyu a ƙafa, bakina ya kama da kanshi. Wani tsoho a gefena ya juyo ya ƙura min ido, aka shafa ya riƙe hannuna yana tambaya a ina na yi karatu. Juma'ar nan a gidanshi na ci kuskus, kuma ɗanshi ne ya samo min ɗakin da nike ciki yanzu. Baba kuwa duk kiran da zai yi ba ya tambayar jarabawa sai ya fara da ko na je zawiyar Shehu Tijjani na yi mishi addu'a.

In tauraro ne uku zan ba su cikin biyar. Da na zo vakans na koma buron na zayyana ma madam duk wannan, na ce Hajiya ku riƙa haɗa yaro da wani ɗalibi irinshi kahin ya tashi. Ta ce wallahi ɗana ka yi gaskiya, ba ni lambarka. Tun ranar ni ake kira, ko dala ba a ba ni.