Tankar Tiger mai rimot: jiki na nuna wa sa'a, giya ta tutiya

Watanni huɗu ke nan da kwalin wannan tanka ya iso hannuna, kuma da gangan na jinkirta rubuta ra'ayina har zuciyata ta ɗan huce, domin da a makon da abin ya faru na zauna rubutu, da babu kalma ɗaya mai daɗi da za ta fito. Abin da na saya shi ne ƙaramin samfurin tankar yaƙi ta Tiger ta farko, wadda Jamus ta ƙera tsakanin 1942 da 1944, a ma'aunin 1/16, wato kashi ɗaya cikin sha shida na tsawon ta gaskiyar, shi ya sa tsawonta tare da bututun igwa ya ɗan haura rabin mita. Na zaɓi nau'in da ake ƙara wa kuɗi, wanda mai sayarwa ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa sarƙar da yake tafiya a kai da giyar da ke juya ta duk na ƙarfe ne, kuma a kan wannan magana kaɗai na yarda na biya ƙarin.

Ba zan tauye wa masu ƙera ta haƙƙi ba, jikin tankar ya burge ni tun ranar farko. Layukan walda sun fito a gefen kan da ke ɗauke da igwa, murfin ƙofar kwamanda yana buɗewa, kuma a bayanta an saka matatun iska irin waɗanda aka ɗora wa na farko-farko saboda ƙura. Wannan ne ya sa na yanke shawarar mayar da ita kamannin Tiger mai lamba 131, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, wadda kuma har yau take tafiya da injinta a gidan adana tankoki na Bovington da ke Ingila. Mako uku na yi ina aikin fenti bayan sallar isha'i. Lokacin hunturu ne, iska ta bushe ƙayau, fentin yana daskarewa a bakin na'urar fesawa kafin ya kai jikin robar, sai da na riƙa ƙara masa ruwan tsinkawa ina fesawa kaɗan-kaɗan. Bayan ya bushe na goga bakin fensir a gefunan da ƙafar soja za ta riƙa taka, suka yi ƙyallin tsohon ƙarfe, sannan na niƙa alli mai launin ƙasa na shafa a ƙasan jiki da busasshen burushi. Duk wanda ya taɓa haɗa motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya san irin daɗin da mutum yake ji idan ya ja da baya ya dubi abin da hannunsa ya yi.

Ranar da na fara sauke ta a tsakar gida, yara sun kewaye ni, hayaƙi yana fita ta baya, ƙarar inji tana tashi daga lasifikar cikinta. Ta yi tafiyar da ba ta kai minti goma ba a kan siminti, sannan na karkata ta zuwa wajen da yashi yake, na sa ta juya a tsaye, sarƙa ɗaya tana gaba ɗaya tana baya. Sai na ji wani ƙas-ƙas sau biyu, sarƙar hagu ta tsaya cak, motar ciki kuwa ta ci gaba da kuka ba tare da ta motsa komai ba. Ƙaramin ɗana ya dube ni ya ce, “Baba, ta mutu ne?” Ban iya ba shi amsa ba, na dai kashe rimot na ɗauke ta zuwa ɗaki.

Da na kwance murfin sama na ciro akwatin giyar hagu, na tarar haƙora uku sun guntule daga ɗaya daga cikin giyoyin, giris ɗin da ke ciki ya koma toka-toka saboda garin da suka zubar. Washegari na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo a unguwarmu. Bai ce komai ba da farko, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya kara a jikin giyar, ta ƙi kamawa, sai ya kankare gefenta da wuƙar aljihu, ta yi farin tabo nan take. Ya ce, “Alhaji, wannan ai tutiya ce aka narka aka zuba, ba baƙin ƙarfe ba ne, kuma ka ɗora mata sarƙa mai nauyi ka ce ta juya cikin yashi.” A nan na gane cewa ƙarin kuɗin da na biya shi ne ya jawo mini asarar, domin da sarƙar roba marar nauyi na bari, mai yiwuwa giyar ta daɗe tana aiki.

Na yarda akwai nawa laifin. Tayoyin Tiger a saƙe suke cikin juna, kuma ko ta gaskiyar ta sha wahala da wannan tsari a fagen yaƙin Rasha, inda taɓo yake shiga tsakaninsu ya daskare da dare, har tanka ta wayi gari ta kasa motsi. Samfurin ya gaji wannan hali, don sai da na yi amfani da tsohon burushin haƙori na fitar da yashin da ya maƙale tsakanin tayoyi, kuma ya kamata a ce na san haka tun kafin na sauke ta daga siminti. Na kusa rufe maganar a kan haka, na ɗauki abin a matsayin kuɗin koyo.

Amsar mai sayarwa ce ta sake tayar mini da ɓacin rai. Na aika masa hotuna, ya nemi bidiyo, na aika, ya yi kwana biyar shiru, sannan ya rubuto cewa shi bai yi ƙarya ba, domin tutiya ma ƙarfe ce, kuma bai taɓa cewa giyar ta ƙarfe mai tauri ba ce. A zahiri maganarsa ba ta karyu ba, amma ya san sarai abin da mai saye yake fahimta idan ya ga an rubuta giyar ƙarfe an kuma ƙara farashi. Bayan doguwar jayayya ya amince zai turo sabon akwatin giya idan na biya kuɗin jigila. Na biya, na jira mako shida, abin ya iso, sai ga shi sandar da ke juya tayar sarƙa ta fi tawa tsawo da kusan santimita ɗaya, wato na wata tankar daban ne aka sako mini. Idan na ɗaura ta, sarƙar tana karkacewa waje ta zame daga kan tayoyi kafin a yi taku biyar. Na sanar da shi, kuma har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Ga wanda burinsa fenti da ƙawata jiki ne, ya ajiye a kan kanta yana kallo, wannan tanka ta isa, kuma har gobe ina tsayawa in dube ta idan na shiga ɗaki. Wanda kuwa yake son ya tuƙa ta a ƙasa irin tamu mai yashi, to ya tambayi mai sayarwa a rubuce ko maganaɗisu yana kama giyar, ya kuma auna tsawon sandar kafin ya yi odar kayan gyara. Ni dai na sayi giyar ƙarfe ta gaske a wani wuri daban, dattijon nan ya taimaka mini muka ɗaura ta, tankar tana juyawa cikin yashi yanzu ba tare da wani ƙas-ƙas ba, akwatin giyar da aka turo mini bisa kuskure kuma yana nan cikin ledarsa a aljihun tebur.