Harsashin libarba a doguwar bindiga mai cin ɗaya: me za ka saya in da hannunka za ka yi ɗuri?

A Amurka ƙananan bindigogin nan masu cin harsashi ɗaya sun farfaɗo ne ta dalilin doka. Jihohin tsakiyar ƙasar shimfiɗaɗɗu ne, gonaki da gidaje kusa da juna, don haka an daɗe ana hana farautar barewa da raifal mai cin nisa. Indiana ta fara sassautawa a 2007, Ohio da kudancin Michigan suka biyo baya a 2014, Iowa a 2017, suka amince da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso (kwanso shi ne gwangwanin da ke riƙe da albarushi), irin wanda ba ya tafiya da nisa sosai. Illinois ma ta buɗe ƙofa a 2023, da sharaɗin bindigar ta zama mai cin ɗaya. Harsasan libarba kuwa miƙaƙƙen kwanso gare su tun asali, kuma suna da leɓe a gindi wanda ke sa cire kwanso ya yi sauƙi a bindigar da ake karyawa biyu.

Ɗurin da ake nufi a nan shi ne mutum ya haɗa harsashinsa da kansa, ya zuba albarushi a kwanso ya zaunar da ƙwaya. Bahaushe ba baƙo ba ne wajen ɗuri. Maharbinmu mai harba-ka-ruga shi ke auna albarushinsa, ya danna da sanda. Amma a nan kamancen ya tsaya. Albarushin zamani mara hayaƙi ba a auna shi da ido ko da tafin hannu, sai da sikeli, kuma kuskuren da bai kai nauyin ƙwayar dawa ba yana iya zama babba. Sannan wannan sana'ar ta can ce: dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mutum ƙera ko harhaɗa harsashi. A Amurka an yarda mutum ya ɗura don amfanin kansa, sayarwa ce sai da lasisin tarayya. Wanda ke zaune can da bizar karatu ko ta ziyara ya sani dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga da harsashi, har da kayan haɗinsa, sai in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai riƙe da lasisin farauta.

Mutane kan fara da zaɓen bindiga. Ni a ganina harsashin ya kamata a fara zaɓa, don shi za ka yi shekaru kana ciyarwa.

Na farko .357 Magnum, wanda Smith & Wesson da Winchester suka fitar a 1935. A libarba mai bututu inci 4, kan harsashi, wato ƙwayar da ke fita, mai nauyin giren 158 (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne) yakan fita da gudun ƙafa 1,200 da ɗoriya a daƙiƙa. Sa shi a bututu mai inci 18 zuwa 22, sai ka ga ya haura 1,700. Dalili biyu ne: albarushi mai jinkirin ci yana samun filin tura ƙwaya, kuma babu ratar nan da ke tsakanin ganga mai juyawa da bututu a libarba, inda iska ke tserewa. Shi ya fi araha wajen ciyarwa. Fam ɗaya na albarushi giren 7,000 ne, kuma .357 ya fi sauran cin kaɗan, kawunansa da kwansonsa kuma kusan kowane shago akwai. Naushinsa a kafaɗa bai taka kara ya karya ba. Iyakarsa ita ce barewa a yadi 100 ko ƙasa da haka, kuma sai harbin ya sauka inda ya dace.

Mai sayarwa zai ce maka ai tana cin .38 Special ma. Gaskiya ne, amma kwanson .38 inci 1.155 ne, na .357 kuwa 1.29, don haka gajeren yakan bar zoben dauɗa a cikin mazaunin harsashi, wanda daga baya zai riƙe dogon kwanso. Mai ɗuri ba ya bukatar wannan wahalar. Littattafan awo, masu nuna yawan albarushin da za a zuba, suna da ɗuri mai sauƙi a kwanson .357 kansa. Ga kuma wani abu: ƙa'idar da Michigan ta kafa a 2014 ta ce kwanso kada ya gaza inci 1.16, ka ga .38 ya faɗi da ɗan ƙiris.

Na biyu .44 Magnum, na Remington da Smith & Wesson a tsakiyar shekarun 1950, bayan marubucin harkar bindiga Elmer Keith ya daɗe yana matsa musu. Kan giren 240 a doguwar bindiga yana kaiwa wajen ƙafa 1,750 a daƙiƙa, gudu kusan ɗaya da .357 amma da nauyi ninki ɗaya da rabi. In nama kake nema, wannan ne. Sai dai ka biya a aljihu ka biya a kafaɗa, musamman da yake waɗannan bindigogi ba su da nauyi. Kuma kafin ka ba da kuɗi ka tambayi murɗin layukan cikin bututu, waɗanda ke juya ƙwaya don ta tafi a miƙe. Tsofaffin raifal na .44 da yawa murɗi ɗaya suke yi a inci 38, wasu sababbi kuwa a inci 20. Na farkon yana riƙe giren 240 lafiya, amma in ka hau zuwa 300 ƙwayar tana iya fara rawa a hanya. Bututun raifal na .44 kuma yakan ɗan fi na libarba faɗi, abin da zai dami mai harba kan dalma zalla, don in ƙwayar ta yi wa bututu kaɗan sai ta shafe shi da dalma.

Na uku .45 Colt, dattijon da sojan Amurka ya karɓa a 1873. A nan nake ja wa mutane kunne. Ƙungiyar SAAMI mai tsara ƙa'idar harsasai ta tsayar da matsin da yake haifarwa a cikin bindiga a psi 14,000 (psi ma'aunin matsi ne), alhali .357 na da 35,000, .44 kuma 36,000. An yi haka ne saboda tsofaffin libarba masu siririn ƙarfe da har yau suke hannun jama'a. Littattafan awo suna da wani sashe na daban na ɗuri mai zafi, wanda suka rubuta ƙarara cewa na wasu ƙarfafan bindigogin Ruger da Thompson/Center ne kawai. Da wannan ɗurin .45 Colt yana goga kafaɗa da .44. Matsalar ita ce a ido harsashi mai zafi da mai sanyi ba su da bambanci. Ranar da ɗaya ya ɓata hanya ya shiga tsohuwar libarba, ko irin kwaikwayonta da ake ƙerawa a Italiya, hannun wani ne zai biya. In kana da irin waccan libarbar a gida, ko kai mutum ne da ba ya rubuta takarda a jikin akwati, ka bar .45 Colt. Ka kuma guji bindigar da aka ce tana cin .45 Colt da .410 duka: an zurfafa mazauninta don dogon harsashin tsuntsaye, ƙwaya sai ta yi tsalle mai nisa kafin ta kama layuka, saiti ya lalace.

Akwai .357 Maximum na 1983, mai kwanso inci 1.605, wanda ya gaza a libarba don wutarsa tana cin ƙarfen saman jikin bindigar, amma ya samu gida a masu cin ɗaya. Kwansonsa wuyar samu gare shi. Su .460 da .500 Smith & Wesson kuwa a ƙaramar bindiga horo ne.

Yanzu bindigar. Henry Single Shot, wadda ta fito a 2017, tana zuwa a .357 da .44, da bututu inci 22 da ƙotar katako, kuma ita zan nuna wa mai farawa. CVA Scout ta .44 ta fi kama da kayan aiki, ƙotar roba, ba ruwanta da ruwan sama, ga sauƙin ɗora madubin saiti. H&R Handi-Rifle an daina ƙera ta tun 2015, sai ta hannu, kuma masu ita sun gane ana nema. In za ka saya ka rufe ta ka girgiza, in akwai motsi tsakanin bututu da jiki ka ajiye. Contender da Encore na Thompson/Center su ne na mai son canje-canje, jiki ɗaya bututu da yawa, sai dai a tara kuɗi, kuma a kiyaye: bututun da bai kai inci 16 ba in aka haɗa shi da ƙotar kafaɗa ya faɗa ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934 mai bukatar rajista. Uberti na ƙera kwaikwayon Winchester Low Wall ta 1885, ƙirar John Browning, kyakkyawa ce ƙwarai, amma kuɗin kyan kake biya. Ruger No. 1 a waɗannan harsasai kaɗan aka yi.

Injin ɗuri shi ne inda ake yawan ɓarnar kuɗi. Wanda ke harba ɗaya bayan ɗaya me zai yi da injin Dillon mai zubo ɗaruruwa a awa? Wannan na masu gasar libarba ne, kuma yana yin aiki huɗu a jan hannu ɗaya, idon sabon shiga ba zai iya bin su duka ba. A ɗaya gefen akwai Lee Loader, wanda ake bugawa da guduma, ya fi komai araha, yana aiki, amma jinkirinsa zai gundure ka. Tsaka-tsakin shi ne injin mai aiki ɗaya a lokaci guda. RCBS Rock Chucker ƙarfen zubi ne mai nauyi da zai kai ga jikoki. Lee Challenger ya fi sauƙin kuɗi, kuma ga gajeren kwanso irin na libarba ya isa har ya yi yawa. Ƙarafunan da ake ɗaurawa a kai don matse kwanso, buɗe bakinsa da zaunar da ƙwaya kusan duk zarensu ɗaya ne, na wannan kamfani yana shiga injin wancan. Ka ɗauki masu zoben kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, don da su ba sai ka shafa wa kwanso mai ba.

Kuɗin da ka rage a inji ka zuba shi a sikeli da littafi. Sikelin sanda mai awo ba ya bukatar batir kuma ba ya sauya ra'ayi. Na lantarki ya fi sauri, amma mai arahar yakan zame, don haka sai da duwatsun gwaji. Littafi kuwa biyu ya kamata, misali na Lyman da na kamfanin da ya ƙera kawunan da za ka yi amfani da su, Hornady ko Speer, kuma kamfanin albarushi na Hodgdon na da nasa awon a intanet. Ka nemi sashen raifal. Awon da wani ya rubuta a dandalin hira ba awo ba ne. Sai ma'aunin tsayi da gilashin kare ido.

Albarushi iri biyu za ka tarar. Masu jinkiri, irin H110 da Winchester 296 (abu ɗaya ne a gwangwani biyu), da Alliant 2400 da IMR 4227, su ke ba da gudun da ya sa aka sayi dogon bututu. H110 ba ya son a rage shi ƙasa da abin da littafi ya ce, yana kuma son a matse bakin kwanso sosai, ko da yake a mai cin ɗaya babu wani harsashi a gefe da girgiza za ta zare wa kai. Masu sauri, irin Unique da Titegroup, na wasa ne da harbin takarda, sai dai kaɗan suke cika a kwanso, har ana iya zuba awo biyu ba a lura ba. Shi ya sa ake jera kwansuna a faranti a haska fitila a duba kowanne kafin a sa ƙwaya. Ɗuri mai rauni da kan da aka lulluɓe da jan ƙarfe kuma yana iya maƙalewa a dogon bututu. A nan bindigar da ake karyawa ta yi rana: in ƙarar harbi ta yi maka baƙo, ka karya ka leƙa.

Kan harsashi ma sai an zaɓa. Mai rami a baki na giren 125 an yi shi ne don gudun libarba, a gudun raifal yana iya tarwatsewa tun a fatar dabba. Don farauta da .357 ka tsaya a giren 158 zuwa 180, mai faffaɗan baki. Kan dalma in zai yi gudu yana son ɗan murfin jan ƙarfe a gindi. Tunda babu bututun ajiya inda bakin wani harsashi ke tokare gindin wani, kai mai tsini ma ya halatta. Dalma guba ce, ba a ci ba a sha a teburin ɗuri, kuma a wanke hannu.

Kafin ka biya kuɗin bindiga, ka leƙa shagon unguwarku ka ga wace hular tartsatsi suke da ita, wato ɗan maɓallin gindin kwanso da ke ta da wuta. .357 ƙarama yake ci, .44 da .45 Colt babba. A 2020 da 2021 ta yi ɓatan dabo a Amurka, mutane na da inji da albarushi suna zaune. In ta intanet za ka yi oda, ita da albarushi ana ɗora musu kuɗin jigilar kaya masu haɗari, don haka a haɗa su a oda ɗaya ya fi sauƙi.